Rumfar Sarje a Kasuwar Dole

Rumfata tana bayan masu kilishi.
Katako guda, ramuka arba'in,
kowane rami da igiyarsa,
kowace igiya da salular wani tana tsotso.
Dala goma ne, ba ciniki.
Ni Tasi'u, shekara tara ina kiwon wannan garke,
na san mai lafiya, na san wadda ta kusa.

Ma'azu mai kabu-kabu ba ya zuwa
sai fuskar tasa ta yi baƙi ƙirin.
Tun daga Garin Malam yake girgiza ta
kamar mai tada wanda ya suma.
Na ce, "Babur ɗinka haka kake masa?
Sai esansi ya ƙare ƙaf a tsakiyar titi?
In ta sauko ashirin, kawo ta."
Ya ce ashirin ma ai arziki ne,
ya buga babur ya bar ni da hayaƙi.
Bana batir na uku ya saya.

Hajiya Harira kuwa, tata ba ta san yunwa ba.
Daga isha'i har kiran assalatu
tana jone a ƙarƙashin matashi,
ta cika tun tsakar dare, ana ta ɗura mata,
ga ɗumin auduga, ga ɗumin kai.
Ranar da aka aiko da ita cikin leda
bayanta ya ɗago,
batir ya kumbura kamar fanke a mai.

Ban ga laifinta sosai ba.
Mu mutanen Damagaram ne:
in famfo ya kawo, har kwanon sha muke tarawa,
in kuran ya dawo, kowa sai ya yi wawa,
don ba wanda ya san yaushe zai sake tafiya.
Wanda ya taɓa kwana da ƙishi
ba ya yarda da randa mai saura.

Amma batir ba randa ba ne.
Ya fi kama da ciki.
Baba yakan ce, in an aje tuwo:
kashi ɗaya abinci, ɗaya ruwa,
ɗaya ka bar wa numfashi.
Shi ya sa in na ga tamanin nake zare igiya,
mai ita ya harare ni,
wai na ci masa dala biyu.

Sai zafi.
Ga Sallau, ɗan maƙwabcina,
watan Afrilu, rana tsaka,
ya jona ta da igiyar jabu, yana buga ƙwallo a ciki,
ta ɗau zafi kamar duwatsun Birni da azahar.
Na ce, "Jakin da ke shan ruwa ba a yi masa lodi.
Aje ta a inuwa ta huce."
Ya ce saura minti biyu a tashi wasa.
Minti biyun nan har la'asar.

Ba a rana ɗaya take mutuwa ba.
Da tana kai ka magariba,
sai ta koma la'asar,
sai wata rana tun hantsi tana kuka,
ka ce kamfani ne ya cuce ka.

Tawa shekararta biyar, gilashi a tsage,
har yau tana wuni.
Jiya nake wannan alfahari a gida,
sha ɗayan dare, ban ci komai ba tun koko,
hannuna na rawa wajen kwance takalmi.
Hassiya ta turo mini kwano, ta dube ni,
ta ce, "Ta salula mun ji.
Kai fa, a nawa kake?"